Amsa kan maɗaurin wando da ake ɓoyewa a ƙarƙashin riga

Malam, ka ce wandonka yana zamewa idan kana tafiya, bel yana matse maka ciki, mazagi kuma yana kwancewa, shi ya sa kake tambaya ko maɗaurin nan na roba da ake ratayawa a kafaɗa zai yi maka amfani. Zai yi, musamman ga mai tumbi, domin nauyin wandon yana komawa kan kafaɗu ne. Ana sa shi a kan singileti, a ɗora kaftani a sama, ba mai ganinsa, sai dai idan yadin fari ne marar kauri.

Amma ka guji mai bakin ƙarfe idan wandon shadda ne, domin haƙoransa suna cin yadi. Ni kaina na taɓa samun ƙananan huji a ƙugun wandon da na ɗinka da tsada. Gara ka sa tela ya ɗinka maɓallai 6 ta ciki, biyu-biyu a kowane gefe na gaba, biyu a baya, ka sayi mai hancin maɓalli. Ka leƙa Kasuwar Sabon Gari ko wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, ka ja robar da hannu ka ga ko tana komawa, saboda ruku'u da sujada.

Wahalarsa ita ce shiga bayan gida, inda wani lokaci sai ka tuɓe riga, ga kuma gumi a zafin Afrilu. Idan hakan zai dame ka, ka ce wa telan ya sa roba mai faɗi a bayan ƙugun, ya bar mazagin a gaba.