Da gaske ne ba Titanic ne ya nutse ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook ana cewa wai jirgin da ya nutse a 1912 ba Titanic ba ne, yayansa Olympic ne aka sauya wa suna domin kamfanin ya ci kuɗin inshora. Ina gaskiyar wannan magana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, labarin nan ƙanzon kurege ne, amma akwai inda ya samo asali.

Jiragen biyu na kamfanin White Star Line ne, kuma kafaɗa da kafaɗa aka ƙera su a masana'antar Harland and Wolff da ke Belfast. Olympic ne aka fara gamawa. Ya fara jigilar fasinja daga Southampton zuwa New York ranar 14 ga Yuni 1911. Wata uku kacal bayan haka, ranar 20 ga Satumba, ya yi karo da wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Hawke, gefensa na dama ya huje. Aka mayar da shi Belfast gyara, aka janye ma'aikata daga kan Titanic, har tafiyar farko ta Titanic ta koma 10 ga Afrilu 1912 daga 20 ga Maris. A wannan zama da suka yi wuri guda ne masu jita-jita ke cewa an yi musanyen.

To, mu yi lissafin 'yan kasuwa. An kashe wa Titanic kimanin fam miliyan ɗaya da rabi, inshorarsa kuwa fam miliyan ɗaya ce. Wane ɗan kasuwa ne zai nutsar da jirgi don ya karɓi abin da bai kai jarinsa ba? Ga kuma shugaban kamfanin, Bruce Ismay, yana cikin jirgin a daren.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana ƙasan teku. Kowane jirgi yana da lambar da masana'anta ta ba shi: Olympic 400, Titanic 401. Bayan an gano gawar jirgin a 1985, masu bincike sun ɗauki hoton farfelarsa, ga 401 nan ɓaro-ɓaro. Sannan dubban leburori ne suka yi aikin jiragen nan. Da an yi musanye, da wuya a ce bakin kowa ya yi shiru har ya mutu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda jita-jitar ta danne tarihin Olympic kansa, wanda ya yi shekara 24 yana aiki. Bayan hatsarin ƙanensa an ninka masa bangon ciki, an ƙara kwale-kwalen ceto. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi ta kwaso sojojin Kanada da na Amurka, kuma a Mayun 1918 ya bi ta kan jirgin ƙarƙashin teku na Jamus, U-103, ya nutsar da shi. Bayan yaƙi aka mayar da shi mai shan mai, aka huta da zuba kwal. A 1934, cikin hazo, ya banke jirgin fitila na Nantucket, wanda ke tsaye a teku kusa da gaɓar Amurka yana haska wa jirage hanya, mutum bakwai suka rasu.

A 1935 aka sallame shi, aka fara farfasa shi a garin Jarrow na Ingila. An yi gwanjon kayan cikinsa, kuma katakon adon falonsa na masu tikitin alfarma yana nan a otal ɗin White Swan da ke Alnwick, a arewacin Ingila.