Filin Tambayoyin Kwamfuta: Na sauya wa haddis waya, Windows da Ubuntu duk sun ƙi tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da kwamfutar tebur HP 'yar tokunbo irin ta ofis ɗin nan, haddis biyu ne a ciki, mai giga 500 Windows 10 ce a kai, mai giga 320 kuma wani abokina ya ɗora min Ubuntu, wani nau'in Linux da ke aiki a madadin Windows, saboda karatun da nake yi, in na kunna sai wani baƙin shafi ya fito in zaɓi wadda zan shiga. To na sayi SSD, sabon nau'in haddis mai sauri wanda ba ya juyawa, mai giga 256, ranar Asabar na buɗe ta na kakkaɓe ƙura na cire wayoyi duka na sake jera haddis ɗin da sidirom don in sama wa SSD wuri, da na mayar na kunna babu komai sai wani ɗan layi yana ƙiftawa a saman sikirin. Na cire haddis ɗin Ubuntu ko Windows za ta tashi ita kaɗai sai ta rubuto min no such device da grub rescue. Mai gyara ya ce sai an yi fomatin duka biyun, kuma furojet ɗina na ciki wallahi. Don Allah ya zan yi? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu na farko, kar ka bari kowa ya yi maka fomatin, ko da wasa. Furojet ɗinka na nan lafiya lau, Windows na nan, Ubuntu na nan, daga bayanin da ka yi ban ga alamar wani abu ya lalace ba. Hanya ce kawai ta ɓace wa kwamfutar, kuma kai da kanka ka ba ni amsar a cikin tambayarka ba tare da ka sani ba.

Bari in yi maka bayanin yadda abin yake. In ka danna madannin kunnawa, BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod (babban allon kwamfuta), ce ke fara farkawa, ita kuma ba ta san Windows ba ba ta san Ubuntu ba, abin da ta sani shi ne ta je haddis ɗin da ke farko a jerinta ta karanta ɗan wuri na farkon farko, bait 512 ne kacal, ana ce masa MBR, abin da ta tarar a nan shi take miƙa wa ragama. Wancan baƙin shafin da kake zaɓe a kai sunansa GRUB, kuma shi GRUB a rabe yake gida biyu, kansa na cikin MBR, gangar jikinsa kuma na cikin foldar /boot a ɓangaren Ubuntu. Lokacin da abokinka ya ɗora maka Ubuntu bai canza inda za a ajiye kan ba, ita kuma ta ajiye shi a haddis na farko, wato na Windows. Ka ga kenan kai yana mai 500, jiki yana mai 320. Da ka sauya wayoyi sai mai 320 ya koma na farko, BIOS ta je ta ƙwanƙwasa ƙofarsa ba kowa a zaure, shi ne ɗan layin nan mai ƙiftawa. Da ka cire shi kuma sai BIOS ta koma mai 500, ta samu kan GRUB, shi kuma ya nemi jikinsa ya rasa tunda ka zare shi, shi ne ya yi maka kukan no such device. Alamomin nan biyu tare su suka tabbatar min cewa a tsohon tsarin BIOS kake ba UEFI ba, wato sabon tsarin da ya maye gurbinsa.

Gwajin minti biyu: jona haddis biyun duka, bar SSD a gefe tukuna, kunna ka riƙa danna F9 da sauri, shi ne na HP, masu Dell da Lenovo F12 ne nasu. Jerin na'urori zai fito, zaɓi mai giga 500 ɗin, za ka gane shi da sunan kamfani kamar WDC ko ST na Seagate da lambobi a gaba. In sha Allah baƙin shafinka zai dawo. Kana shiga, kafin ka yi murna ma, kwafe furojet ɗin nan a filash ka kuma tura wa kanka ta imel.

Amma ni ba na so ka tsaya nan, don in ka bar ta haka duk ranar da ɗaya daga cikinsu ya mutu ɗayan ma ya zauna, kuma haddis ɗin tokunbo ba a san shekarun da ya yi yana juyawa a wani ofis a Turai ba kafin ya iso hannunka. Abin da nake yi wa duk kwamfutar da ta zo hannuna mai tsari biyu, kamar Windows da Ubuntu, shi ne in raba musu gida, kowa da ƙofarsa. Shiga Ubuntu ka buɗe taminal, wato allon rubuta umarni, ka rubuta lsblk, duba girma kar ka duba suna, wanda ya nuna kusan 298G shi ne mai 320 ɗinka, lura ko sda ne ko sdb a wannan lokacin. A ce sdb ne, sai ka rubuta sudo grub-install /dev/sdb, ba lamba a ƙarshe fa, ba sdb1 ba, sannan sudo update-grub, ka ga ya ambaci Windows a cikin abin da ya samo. In bai ambace ta ba, sababbin GRUB daga 2.06 suna zuwa da mai neman sauran tsare-tsare a kashe, sai ka buɗe /etc/default/grub ka ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false ka sake update-grub. Bayan nan kashe, zare haddis ɗin Ubuntu gaba ɗaya, tashi da filash ɗin Windows, kar ka danna ɗorawa, bi ta wajen gyara ka buɗe baƙin allon umarni ka rubuta bootrec /fixmbr. Wannan zai mayar wa Windows ƙofarta ba zai taɓa fayil ko ɗaya ba. Mayar da na Ubuntu, shiga BIOS da F10 ka sa shi farko a jeri. Shi ke nan, ka cire wannan wancan ya tashi, ka cire wancan wannan ya tashi.

Sai maganar jeri, wadda ita ta jawo duk wannan. Inda ka ɗaure haddis a cikin akwati, sama ko ƙasa, kwamfuta ba ruwanta, abin da take gani shi ne ramin da wayar ta shiga a kan madabod. Haska tocila za ka ga an rubuta SATA0, SATA1, SATA2 da ƙananan haruffa kusa da kowane rami, a HP na ofis shuɗi mai duhu shi ne SATA0. Ramukan ba duka gudunsu ɗaya ba, a bod da yawa na wancan zamanin na farko ko biyun farko ne ke da gudun giga-bit 6, sauran 3 ne. SSD na iya cin mega 500 da ɗoriya a sakan, ramin giga-bit 3 kuma bai wuce 300 ba, don haka SATA0 na SSD ne ba gardama. Haddis mai juyawa da wuya ya kai 200, ko ina ka sa shi ya ishe shi. Sidirom kuwa ko a gudun 16x na DVD mega 22 yake ja, a ba shi rami na ƙarshe ba zai ce komai ba, iyakaci harafinsa a Windows ya tashi daga D ya koma E, wannan kuma ana gyara shi a diskmgmt.msc.

In za ka ɗora sabuwar Windows a SSD, don girman Allah zare sauran haddis biyun tukuna. Windows na da wata ɗabi'a, sai ka nuna mata SSD ta zauna a can amma ta je ta ajiye fayilolin tashinta a wani haddis daban, ba za ka sani ba sai ranar da ka cire shi. Na taɓa asarar yini guda a kan haka da kwamfutar wata makaranta, an ba ni tsohon haddis ɗinsu in goge tunda an koma sabo, na goge, sabon ya ƙi tashi, ga sakamakon jarrabawar yara a ciki ga shugaban makaranta tsaye a kaina. Bayan ka gama ka mayar da su ka sake update-grub zai ga sabuwar.

Abu biyu kuma ka kiyaye. A BIOS akwai wurin da aka rubuta AHCI ko IDE, bar shi yadda ka same shi, in ka juya shi tsohuwar Windows za ta yi maka shuɗin sikirin da INACCESSIBLE BOOT DEVICE ka ɗauka wata sabuwar masifa ce. Sannan in kai ko abokinka kun taɓa ƙara layi da hannu a /etc/fstab da suna irin /dev/sdb1, to canza shi zuwa UUID, wato lambar shaida ta kowane ɓangaren haddis, umarnin blkid zai ba ka lambar, domin sda da sdb suna sauya wuri duk sanda aka taɓa waya, UUID kuwa yana manne da ɓangaren duk inda aka kai shi. Kuma gaba in za ka buɗe akwati zare wayar wuta daga bango, danna madannin kunnawa ya zubar da sauran wutar da ta rage, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa bod musamman lokacin hunturu da jiki ke tara tartsatsi, ka ɗauki hoto da waya kafin ka zare komai.

Tambaya: Malam ina yini. Laftof ɗina Dell ce, Windows da Linux Mint a haddis ɗaya, wuri ya cika. An ce min ana cire sidirom a sa haddis na biyu a wurinsa, gaskiya ne ko cuta ce? Wata 'yar'uwa daga Maradi.

Amsa: Lafiya lau 'yar'uwa, gaskiya ne, abin da ake sawa kadi ake ce masa, ɗan akwati ne mai siffar sidirom da haddis ke shiga cikinsa. Kafin ki saya ki cire sidirom ɗin ki tafi da shi kasuwa, galibi noti ɗaya ne ke riƙe da shi ta ƙasa, domin galibi kauri biyu ne, milimita 9.5 da 12.7, in kika sayi mai kauri ba zai shiga ba in kika sayi siriri zai riƙa rawa a ciki. Shawarata SSD ta zauna a asalin gidan haddis, tsohon haddis ya koma kadi, saboda ramin sidirom sau da yawa shi ne mai ƙarancin gudu kuma wasu laftof ɗin ma ba sa yarda su tashi daga nan. In laftof ɗin UEFI ce, fayilolin tashin Windows da na Mint duk suna cikin wani ɗan ƙaramin ɓangare na FAT32 da ake kira EFI, kar ki goge shi don kin ga ƙarami ne kin ɗauka ba shi da amfani. Ki shiga Windows ki kashe saurin tashin nan na saitin wuta (Fast Startup) wanda ya zo tun Windows 8, shi ne ke sa Linux ta ƙi rubutu a ɓangaren Windows don ba a rufe shi da gaske ba. In kuma BitLocker, makullin da Windows ke kulle haddis da shi, na kunne ki nemo lambarsa mai alƙaluma 48 ki rubuta a takarda kafin ki kwance noti ko ɗaya, wannan kam in ya kulle ba lambar babu mai gyaran da zai buɗe miki. Sidirom ɗin da kika cire ma kar ki yar, akwai gidansa na USB, ranar da aka kawo miki faifan bikin wata tsohuwar ƙawa za ki neme shi.

Tambaya: Salam. Tsohuwar Pentium 4 ce da ni a shago, XP da Windows 7, ina riƙe da ita saboda injin yankan sitika da ba ya aiki sai da XP. Na ƙara haddis a faffaɗar wayar da sidirom ke kai, yanzu ba ta ganin ko ɗaya. Mai shagon buga takardu, Funtuwa.

Amsa: Alhaji wannan faffaɗar wayar IDE ce mai fil 40, ita na'ura biyu take ɗauka amma da sharaɗi, ɗaya ya zama maigida ɗaya yaro. Juya bayan haddis ɗin, tsakanin wurin waya da wurin wuta akwai 'yar roba ƙarama kamar ƙwayar shinkafa da ake kira jamfa, ga zane a jikin kwalin da aka rubuta MA, SL, CS, MA shi ne maigida, SL yaro. Na tabbata duka biyun a MA suke shi ya sa suke rigima har aka rasa mai magana. Bar haddis a MA ka mayar da sidirom SL, da ɗan hantsaki ake zare ta. In wayar mai launi uku ce, shuɗin kai na madabod ne, baƙin da ke ƙarshe na maigida, ruwan tokan tsakiya na yaro, jan layin gefe kuma ya fuskanci wajen wayar wuta. Kar ka taɓa wayar asalin haddis ɗin da XP ke kai, ita XP da lambar matsayi take gane gidanta a fayil ɗin boot.ini, wurin da aka rubuta rdisk(0), in jeri ya canza sai ta ce maka hal.dll ya ɓace alhali yana nan. Tunda kuma ka riga ka buɗe ta, canza mata batirin bod, CR2032 ne irin na rimot ɗin mota, masu gyaran agogo ma suna sayarwa, in ya mutu duk sanda aka ɗauke wuta sai ta manta jerin da ka saita mata.