Amsar tambayarka kan Eyo da sauran bukukuwan Ikko

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba sai yanzu da na dawo daga masallaci na samu zama, don ba irin tambayar da ake amsawa a tsaitsaye bace. Ka ce abokan bautar ƙasarka a Ikorodu suna ta lissafo maka bukukuwan Legas, wai duk ranar da aka tashi Eyo, bikin dodannin nan masu fararen kaya, za su ja ka kallo, kuma sun ce maka ba a shiga da hula ko takalmi, kai kuma ka ce musu ba wanda ya isa ya cire maka hula a ƙasar Najeriya. Sannan kana tambaya mu da muka daɗe a nan ya muke yi, muna zuwa ko ba ma zuwa. Toh zan gaya maka, amma maganar hular nan ita ta tsaya min a rai, da ita zan fara.

Na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Agege a 1974, lokacin mahaifiyarka ko makarantar allo ba a sa ta ba, kuma mu lokacin Ikko muke ce wa Legas, har yau ma bakina ya fi sabawa da shi. Yaron goro ne ni, ina ɗaukar huhu ina wanke goro ina jera shi a ganye. Bayan wasu shekaru wata Asabar maigidana ya aike ni karɓo kuɗi wajen wani ɗan kasuwa a Idumota, shi ma ya manta ranar Eyo ce. Mota ta tsaya a Iddo aka ce daga nan sai ƙafa, na hau gadar Carter da 'yar hulata sabuwa fil da takalmin fata, ina ta mamaki ina ganin mutane riƙe da takalmansu a hannu, matan Yarbawa da ban taɓa ganinsu ba gwaggwaro ba duk kai a buɗe. Ban tambayi kowa ba, wannan shi ne kuskurena. Ina sauka daga gada sai ga su nan fari fat tun daga sama har ƙasa, ba ka ganin fuska ba ka ganin ƙafa, malafa a kai, kowa da doguwar sanda riƙe da hannu biyu. Kafin in gane me ake ciki sanda ta sauka a kafaɗata, wallahi har yau in sanyi ya shigo ina tuna wurin. Jinina ya tafasa na juya zan rama, sai naji an fizgo rigata ta baya. Wata tsohuwa ce mai sayar da kwanuka, ta jawo ni cikin shagonta ta cire hular da hannunta ta cusa min a aljihu, tana nuna ƙafata tana cewa bata, bata, wato takalmi. Da ta buɗe baki sai na ga haƙorin Makka. Alhajiya ce. Ta ba ni ruwa a kofin silba, na zauna tsakanin tasoshi har azahar tayi, ta shimfiɗa tabarma a nan cikin shagon muka yi sallah ɗaya bayan ɗaya, ana ta kiɗa a waje. Da na rama a ranar nan ɗana, ban san ko da za ka samu kawun da za ka turo wa saƙo ba, su dubbai ne ni kuwa ni kaɗai.

Abin da na sani game da shi daga baya shi ne, Eyo ba bikin shekara-shekara bane kamar yadda abokanka suke zato. Na mutanen Isale Eko ne, wato ainihin 'yan cikin tsibirin, kuma ana fitowa ne in za a yi bankwana da wani Oba, wato sarki, ko wani babban mutum da ya rasu, shi ya sa sai a yi shekaru ba a yi ba. Suna cewa na farko an yi shi a 1854 saboda Oba Akitoye. An yi ɗaya a 2017 lokacin da jihar Legas ta cika shekara 50. Ƙungiya-ƙungiya ne kuma da launin malafa ake bambance su, Adimu su ne manya malafarsu baƙa, Laba ja, Oniko ruwan ɗorawa, Ologede kore, sannan ga na gidajen sarautu. Sandar nan da na ɗanɗana sunanta opambata. Saura mako guda manyan suke fitowa da ita su zaga gari, in ka ga haka toh an tabbatar Asabar mai zuwa akwai biki, wato ba a ɓoye ake yi ba, ana sanarwa, wanda bai tambaya ba ne kawai yake faɗawa ciki irina. Dokokin kuma sanannu ne, ba hula ba takalmi ba ɗankwali, ba shan taba, ba lema, ba hawa babur ko keke a inda suke wucewa. Yanzu gwamnati tana tara su a dandalin Tafawa Balewa, akwai wurin zaman 'yan kallo da 'yan sanda, ya fi da tsari nesa ba kusa ba, amma a cikin lunguna doka tana nan yadda take.

Toh ga maganata a kan hularka. Ba wanda ya zo Ikorodu ya cire maka ita, ba wanda ya zo Agege ya cire min tawa, shekara hamsin kenan ina sanye da ita a garin nan. Kai ne za ka ɗauki ƙafa ka je unguwarsu a ranarsu. In ka san zuciyarka ba za ta yarda ka tsaya kai ba hula a gaban dodo ba, kuma ni na fahimci wannan sosai, toh maganin shi ne ka yi zamanka a gida. Amma ka je sannan ka tsaya gardama, wannan neman fitina ne, kuma in ta tashi ba kai kaɗai za ta ci ba, mai shayi da mai gyaran takalmi da ɗan acaɓan da ba su san hawa ba su san sauka ba su za a huce a kai, don a idon mai fushi duk sunanmu ɗaya, aboki. Ka tuna a Kano ma in baƙo zai shiga gaban Sarki takalminsa yake cirewa, ba ma tambayarsa ko a garinsu haka ake yi.

Ni dai tun daga ranar nan ban sake zuwa ba, kuma ba don tsoron sanda ba. Da na fahimci akwai tsafe-tsafen gargajiya a ƙarƙashin abin, ba farin kaya da rawa ne kawai ba, sai naji raina bai kwanta ba na bar musu abinsu. Hukunci kam ka tambayi malami, ni ba malami bane ɗan kasuwa ne. Sai dai ina roƙonka kar ka saki baki kana kafirta mutane, don da yawa daga masu wannan al'ada Musulmi ne tun kaka da kakanni, masallacin Shitta-Bey da ke cikin tsibirin tun 1894 aka buɗe shi, Oba na yanzu Rilwan Akiolu ma Musulmi ne, su ma a tsakaninsu akwai masu yi akwai masu ƙi, malamansu suna ta fama da maganar. Ka bar musu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ya fi damuna da kai ma ba Eyo bane, Oro ne, wani tsafin gargajiya na maza zalla, tunda Ikorodu aka kai ka kuma can suna riƙe da shi da gaske. Wannan ba na kallo bane sam, kar wani ya ruɗe ka. In an sa ranarsa mata ba sa fita, baƙi ma ana so su kama kansu, kasuwa a rufe, za ka ji wata ƙara tana tashi tana sauka wuuu wuuu kamar guguwa ta shiga rami, in ka ji ta a rufe ƙofa a saki labule. A wasu wuraren da dare ne kawai, a Ikorodu kuwa yakan ci har rana. An sha samun saɓani tsakaninsu da masu zuwa masallaci da coci kan wannan kulle, kuma ni a ra'ayina hana mutane fita da rana tsaka a gari irin wannan bai dace ba, mace mai naƙuda fa, mai ciwo fa? Amma wannan magana ce ta shugabanni da sarakuna da gwamnati, a zaure ake yinta, ba aikin ɗan bautar ƙasa bane shi kaɗai a kan titi. Ka tambayi mai gidan da kake haya tun yanzu yaushe ake yi, ka sayi garin kwaki da ruwa da katin waya ka ajiye, in akwai 'yan matanmu a cikin 'yan hidimar ka ja musu kunne sosai.

Sauran kuwa ƙofarsu a buɗe take. Akwai Fanti na zuriyar bayin da suka dawo daga Barazil, a unguwannin Campos da Lafiaji, kayan ado ne da kiɗa da dawakin kwalliya. Akwai makon tunawa da Fela a watan Oktoba a Ikeja, wannan kam hayaƙi ya yi yawa a wurin ban so in ji an ganka. Kasuwar baje kolin duniya ta Nuwamba ka je, za ka ƙaru. Da ka ga bikin al'adu na FESTAC a 1977 da ka ga taro, baƙar fata daga ko'ina a duniya, don shi aka gina unguwar Festac, amma hawan daba ɗinsa a Kaduna aka yi, mu nan sai a rediyo muka ji muna ta cizon yatsa.

Akwai guda biyu da nake so ka gani da idonka, don za su gyara maka tunani a kan mutanen nan. Na farko Kayokayo a Epe, ba nisa daga inda kake. A watan Muharram ake yi, suna haɗa murnar sabuwar shekarar Musulunci da tunawa da zuwan Oba Kosoko garin a 1851 bayan Turawa sun kore shi daga Ikko. Ranar da wani abokin cinikina ɗan Epe ya fassara min sunan, ya ce ai ma'anarsa a ci a ƙoshi, sai da na ajiye abin da ke hannuna. Cika-ciki kenan fa! Abin da kakarka take yi mana, a ajiye jelar ragon layya tun Babbar Sallah a dafa ta a daren, kowa ya ci har sai ya ture kwano. Mu muna can Arewa su suna nan bakin ruwa, ashe wata ɗaya muke cika ciki. Haka in azumi ya zo, masu tashin mutane sahur da kiɗa da waƙa da suke kira ajisari, daga cikinsu kiɗan fuji ya fito, in ka ji su da asuba sai ka tuna tashe da Sarkin gwagware.

Na biyu Ojude Oba a Ijebu Ode, jihar Ogun ce amma rabin 'yan Legas can suke kwarara. Rana ta uku bayan Babbar Sallah, wadda su suke kira Ileya, asalinsa Musulmin garin ne suke zuwa gaida sarkinsu Awujale. Tsara-tsara suke fitowa maza da mata kowace ƙungiya da ankonta, sai gidajen Balogun, wato sarakunan yaƙi, su shigo a kan dawakai ana harba bindigar toka. In ka ga dokin da adonsa za ka san hannun mutanenmu na ciki. Ba zan ce ya kai Hawan Daushe ba, wanda ya ga jafi a ƙofar Kudu ba ya cewa haka, amma wajen tsafta da tsarin sutura sun iya, a yaba musu.

Sai namu. Ka ce a saƙonka Sallah a Legas ba ta da daɗi gara ka tafi gida. In ka tafi ban hana ka ba, mahaifiyarka tana da hakki, kuma na san yadda tashoshi suke cika ana saura kwana uku har a saman tirela ake tafiya. Amma kar ka yanke hukunci kana zaune a Ikorodu. Hausawa ba jiya suka zo garin nan ba, tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa, Obalende ma da tsoffin sojojinmu ta ginu, Agege kuwa goro ne ya zaunar da kakanninmu har aka yi Zango da Sarkin Hausawa. Kasuwar Alaba Rago ka ji sunan ai ka san bakin wa ya raɗa shi. Ka zo Agege ranar idi ka gani, tun asuba kabbara ta ko'ina, a sauko daga idi a wuce fada gaisuwa, algaita da kalangu, 'yan dawakai sun yi ado, yaran da aka haifa a nan suna Yarbanci kamar ruwa amma sun sha babbar riga da hula zanna, da yamma a shiga rabon nama. Ni cinya guda ta maƙwabcina Bayarabe ce, wani kason na Inyamurin da ke shagon gaba, shekara da shekaru ba fashi, su ma in bikinsu ya zo kaji masu rai suke aiko min don sun san sai na yanka da kaina.

Abin da ke ci min rai shi ne yaranmu masu ilimi irinku ba kwa zuwa. Kun san ranar kowane shagalin Disamba a Lekki, amma in ana maulidi ko saukar Alƙur'ani ko taron Ranar Hausa ta 26 ga Agusta sai ka ga daga mu tsofaffi sai 'yan dako, in an nemi wanda zai rubuta wasiƙa zuwa ƙaramar hukuma a ba mu hanya sai an sha wahala. Mu ƙarfinmu ya ƙare ɗana, gwiwata ma yanzu ba ta kai ni filin idi sai a Keke Napep.

In Allah ya kai mu Asabar ka biyo, ka hau motar Ketu daga nan ka nemi ta Agege, in ka sauka a Pen Cinema ka kira ni in turo yaro ya taho da kai. Matar kawunka ta ce za ta yi maka tuwon shinkafa da miyar taushe tunda ka ce ka gaji da teba. Ka taho da babbar rigarka a kai wa mai guga tun yanzu, kuma kar ka manta ka tambayo mai gidan naka ranar Oro kafin ka taso. Ka gaida mahaifiyarka in kun yi waya.