Kafin ka yaba zanen taya, karanta gefenta

Jiya bayan la'asar ka tambaye ni, ka ce: "Maigida, me ya sa ka hana Alhajin nan ɗaukar tayoyin gwanjo huɗu, ka sa ya sayi sababbi biyu kawai, alhali na gwanjon zanensu da zurfi, ga arha?" Lokacin aiki ya yi mana yawa. Yanzu zauna, ɗana, ka ji.

Mirgino wadda ka fi yabawa a cikinsu. Duba gefenta inda aka rubuta DOT, ka bi har lambobi huɗu na ƙarshe. Ka ga 2314? Ma'anarsa an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2014. Yanzu danna farcenka a jikinta, sannan ka danna a sabuwar can. Sabuwar tana ɗan lotsawa ta dawo, wannan kuwa ta bushe kamar ƙirgi, ga 'yan tsage-tsage a tsakanin zanen. Roba tana tsufa ko da ba a taɓa hawa kanta ba. Masu ƙera taya da kansu suna cewa in ta shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta komai kyan zanenta.

Ga kuma wannan hoton dutse mai ƙanƙara a ciki. Tayar hunturun Turai ce, an haɗa robarta don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Mu nan Damagaram a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40, kwalta kuma ta fi haka nesa. Irin wannan taya tana saurin cinyewa, kuma in aka taka birki sai motar ta ƙara tafiya kafin ta tsaya.

Ban koyi wannan a banza ba. Ina saurayi na taɓa ɗaura wa wani direba tsohuwar taya mai kyan zane, zai yi lodi zuwa Tanut da tsakar rana. Ba su yi nisa ba ta fashe. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, amma fasinja ɗaya ya karye a hannu. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, domin hannuna ne ya ɗaura ta.

Abin da mutum yake saye a sabuwar taya shi ne riƙon hanya. Zanenta yakan kai milimita 8, kuma aikin ramukan nan shi ne fitar da ruwa daga ƙarƙashinta. Da rani ba ka cika ganin amfaninsu ba, sai Agusta ta zo ruwa ya kwanta a kan hanyar Magariya. Sa yatsa cikin ramin, za ka ji wani ɗan tudu. Ranar da zanen ya yi daidai da shi, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki. A sitiyari ma direba yana jin bambanci: ya karya kwana motar ta bi shi nan take, ba ta yi masa yawo.

Daɗin zama kuwa yawancinsa daga tsayin gefe yake. A lambar girman da ke gefen taya, kamar 195/65 R15, 195 faɗinta ne a milimita, 65 tsayin gefen ne, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, 15 kuma girman ƙarfen da take zama a kai, a inci. Samari suna son mai siririn gefe, 45 ko 40, don kwalliya. Gaskiya tana da kaifi a kwana, amma a gargadarmu kowane rami sai ka ji shi a ƙugu, ta yi ƙulu ko ƙarfen ya lanƙwashe. Ni ba na ba kowa shawararta a garin nan.

Batun kuɗi, kada ka lissafa na ranar saye kaɗai. Haɗa da faci, da kwanan hanya, da sake sayen wata bayan 'yan watanni. Ba dole sai Michelin ko Bridgestone ba. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya ɗauki sabuwa 'yar Sin mai sabuwar lamba, muddin girmanta da nauyin da take ɗauka sun dace da motar. Lamba 91 da kake gani bayan girman tana nufin kilo 615 ga kowace taya, kuma ka san yadda mutanenmu suke lodi.

Sababbin biyun a baya na ɗaura su, na ga kana mamaki. In gaba ya yi santsi direba yana ji a hannunsa, yana iya gyarawa. In baya ya kwace, motar juyawa take yi. Na kuma gaya wa Alhaji ya bi a hankali a kwanakin farko, don sabuwar taya tana da ɗan sulɓi kafin hanya ta goge ta.

Gobe da sassafe zai dawo a duba masa iska. Ka auna tun tayar tana da sanyi, ka bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wanda ke rubuce a gefen taya ba. Kada ka ƙwanƙwasa da ƙarfe ka ce ta yi, sa ma'auni.