Likita, ɗana ba ya riƙe aike

Tambaya: Ɗana yana jin Hausa a gida, Yarbanci a unguwa, Turanci a makaranta. Shi ya sa bakinsa bai buɗe da wuri ba? Maman Yusuf, Agege.

Amsa: A'a, yawan yare ba ya hana yaro magana. In ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ki kai shi a gwada kunnensa.

Tambaya: Ɗana shekararsa 9, ka aike shi abu uku ya dawo da ɗaya. Na yi dukan har na gaji. Kakarsa ta ce wanzami ya yanka masa ƙarƙashin harshe. Wani Alhaji, Mile 12.

Amsa: Alhaji, don Allah kada aska ta taɓa yaron nan. Abin yana ƙona min rai: a zubar wa yaro jini, a jawo masa ciwo, alhali matsalar ba a harshe take ba. Akwai yaran da kunnensu lafiya lau, hankalinsu garau, amma ƙwaƙwalwarsu na wahala wajen warware doguwar magana. Kusan yaro 7 cikin 100 haka suke.

Ga abin da nake tsoro. A aji ana ce masa daƙiƙi, a gida bulala, abokai na yi masa dariya. In ransa ya ɓaci, ba shi da kalmomin da zai faɗi damuwarsa. Sai ya fara gudun makaranta, ya koma tasha, inda ba mai tambayarsa karatu, sai dai a miƙa masa wiwi, sholisho ko tiramadol. Ba duk yaran ke faɗawa cikin wannan ba, amma haɗarin ya fi yawa ga wanda aka bari ba taimako.

Ka ajiye bulalar. Ka riƙa ba shi aike ɗaya, cikin gajerun kalmomi, ka ce ya maimaita maka. Ka zauna da malaminsa. Sannan ka kai shi asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, duk a Legas, a fara da gwajin ji, a haɗa ku da masu gyaran magana. Kada ka jira ya girma, Alhaji, ka kai shi cikin watan nan.

Tambaya: Zan iya ba yaro maganin tari don ya yi barci? Hajiya, Obalende.

Amsa: Haba Hajiya! Kada ki kuskura. Tun 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. In ba ya barci, kawo shi asibiti.