Ɗigon ruwa ya ƙi sauyawa a kan PNIPAM

Ka ce ka lulluɓe gilashi da PNIPAM, wata polima (sinadari mai dogayen sarƙoƙi) da ke sauya hali da zafi, ka ɗumama, amma ɗigon ruwa bai sauya siffa ba. Iyakar wannan polima, wato zafin da take sauya hali, wajen digiri 32 ce a ma'aunin Celsius. Ƙasa da haka sarƙoƙinta na riƙe ruwa, ɗigo ya baje. Sama da haka su dunƙule, ɗigo ya tattaru.

Ruwanka nake zargi. In ka ɗiga mai sanyi a gilashi mai digiri 40, nan take wurin zai huce. Ɗumama su tare cikin rufaffen akwati, kada ɗigon ya ƙafe. Tataccen ruwa za ka sa, don gishiri na rage iyakar. A gilashi sumul, kusurwar da gefen ɗigon ke yi da gilashin kan tashi daga kusan digiri 60 zuwa 90 kawai. Babban sauyi sai fuskar na da kaushi.