Ina kwas ɗin da zai koya mana yadda masaƙun Kakuri suka mutu?

Tambaya: Malam, ina aji uku a sashen tattalin arziki a nan Kaduna. Har yau babu kwas ɗin da ya taɓo mutuwar masaƙunmu ko cinikinmu da Nijar. Jami'a za ta iya ƙara irin waɗannan, ko sai Abuja ta yarda? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada.

Amsa: 'Yata, za ta iya. In sabon digiri ne sukutum, dole NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta zo ta duba malamai da ɗakin karatu kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya. Amma ƙara kwas cikin digirin da ake da shi bai kai haka wuya ba. Manhajar da NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar a kowane digiri, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Sashe ne ke rubuta kwas, ya bi ta tsangaya, majalisar malaman jami'a ta amince.

Da ni ne, da Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, zan fara. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta bi bayanta a 2007. Ki je ki ga ƙofofin nan da suka yi tsatsa, ki zauna da tsofaffin ma'aikatan da suka koma acaɓa da gadi. Daga nan tambayoyi za su fito. Me SAP, tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, ya yi wa darajar naira da kuɗin kayan gyaran injina? Nawa baƙin mai ya ci saboda rashin wuta? Atamfar da ake saukewa a Kwatano a shigo da ita ta Nijar, wa ya ci riba, wa ya kau da kai? Ina manomin audugar Funtuwa ya kwana? Lissafi kaɗai ba zai amsa waɗannan ba, sai an haɗa da siyasa da tarihi.

Kwas na biyu kan iyaka: rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025. Ina so a haɗa shi da ɗan darasin harshen Faransanci, domin da shi maƙwabtan namu ke rubuta takardunsu.

Abin da ke damuna shi ne a ɗora sabon suna a kan tsohon darasi. In babu malamin da ya yi bincike a fannin, babu kuɗin fita da ɗalibai, ba a yi komai ba. Kayan aiki kuwa ga su a gida: cibiyar binciken tarihi ta Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk a cikin Kaduna suke.

Ku rubuta wa shugaban sashe ta hannun ƙungiyarku ta ɗalibai, ku faɗi kwas ɗin da kuke so da dalili. Ke kuma in kin shiga aji huɗu, ki yi binciken kammala digirinki a kan masaƙa guda.